Yini Guda a Iyakar Koriya Biyu

Sayen motoci ne ya kai mu Koriya ta Kudu, ni da wani dattijo ɗan kasuwa daga Maraɗi wanda muka daɗe muna haɗa kaya a kwantena ɗaya. Mun gama ciniki a Incheon da sauran kwana biyu jirginmu ya tashi, sai Alhaji ya ce, "Malam, kullum muna jin Koriya ta Arewa a rediyo. Yanzu ga mu a ƙofar gidanta, sai mu koma ba mu leƙa ba?" Washegari bayan sallar asuba a babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon, muka shiga motar masu yawon buɗe ido, kowa da fasfonsa a aljihu, don an ja mana kunne cewa babu fasfo babu shiga.

Kusancin wurin ne ya fara kaɗa ni. Ba mu daɗe da barin dogayen benaye ba sai ga waya mai ƙaya ta bi gaɓar kogi, da ɗakunan sojoji masu gadi jefi-jefi. Cikin sa'a guda da 'yan mintoci mun isa Imjingak, wani wurin tunawa da yaƙi da ke dab da iyakar. Kusan rabin mutanen Koriya ta Kudu a Seoul da kewayenta suke zaune, kuma manyan bindigogin Arewa suna iya kaiwa can ko ba a taɓa nukiliya ba. Duk mai cewa a je a ragargaza tashoshin nukiliyar Kim Jong Un da jiragen yaƙi, ina so ya fara hawa wannan hanya ya ga yara suna tafiya makaranta a gefenta.

A Imjingak akwai wani tsohon kan jirgin ƙasa da ya yi tsatsa, jikinsa duk huji, harsashi sama da 1,000 ya sha a yaƙin 1950 zuwa 1953. Kusa da shi an ɗaure ƙyallaye kala-kala a jikin waya, kowanne da rubutu. Na tsaya ina kallon wani tsoho mai farar hula yana ɗaura nasa. Hannunsa na rawa, sau biyu ƙullin yana kwancewa, bai ɗago ya dubi kowa ba har ya ɗaure. Jagorarmu ta ce da yawa daga masu zuwa nan suna da 'yan uwa a tsallake, ba wasiƙa, ba waya. Yaƙin ma ba a rufe shi da yarjejeniyar zaman lafiya ba, tsagaita wuta kawai aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yuli, 1953.

A wata gada sojoji suka hau motar, matasa ne sosai, suka duba fasfo ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aka kai mu rami na uku cikin ramukan kutse da Kudu ta bankaɗo, wanda aka gano a 1978, Arewa ta haƙa shi ta ƙarƙashin iyaka, zurfinsa mita 73. An karɓe wayoyinmu, aka ba mu hular kwano. Ciki sanyi, ruwa na ɗiga, dole ka sunkuya. Alhaji ya tsaya a rabin gangaren saboda gwiwa, ni na kai har bangon siminti da aka toshe ramin da shi. Na fito da yaƙinin cewa tsoron mutanen Kudu yana da tushe. Wanda ya haƙa wannan ba zumunci ya nufa ba.

A kan tudun Dora muka fi daɗewa. Da madubin hangen nesa na ga tutar Arewa a kan sanda mai tsawon mita 160, na ga wasu mutum biyu a gona, ɗaya yana tura keke. Can gefe kuma ga masana'antun Kaesong, inda kamfanonin Kudu suka ɗauki ma'aikatan Arewa sama da 50,000 kafin a rufe a Fabrairun 2016, bayan gwajin bam na huɗu. Gine-ginen suna nan tsaye.

Nan muhawara ta tashi tsakanina da Alhaji. Na ce masa ƙasar da ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 2003, ta yi gwaji shida daga 2006 zuwa 2017 alhali talakawanta sun sha yunwa mai kisa a shekarun 1990, ai ta cancanci takunkumi. Ya girgiza kai. "Malam, mu 'yan Nijar mun san yadda ake ƙulla irin wannan magana. A 2003 an ce Saddam ya nemi yuraniyom a wurinmu. Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya a lokacin, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ya ce takardun na jabu ne, amma a cikin watan da ya faɗi haka aka afka wa Iraƙi. Gaddafi ya miƙa nasa shirin nukiliyar a ƙarshen shekarar, a 2011 me ya same shi? Kana zaton shugaban Koriya ta Arewa ba ya kallo?"

Ban yarda da shi duka ba, don zaluncin da aka yi wa wani ba ya wanke mai riƙe da bam a kan maƙwabcinsa. Amma maganarsa ta sa na sake lissafi. A 1994 Amurka da Koriya ta Arewa sun ƙulla yarjejeniya: a dakatar da tashar nukiliyar Arewa da ke Yongbyon, a ba su baƙin mai tan 500,000 duk shekara da tashoshin lantarki biyu. Shekara takwas masu sa ido na hukumar makamashin nukiliya ta duniya suna wurin, sandunan da ake tace fulutoniyom daga cikinsu suna kulle. Tashoshin lantarkin ba a gama su ba, Arewa kuma aka zarge ta da tace yuraniyom a ɓoye, komai ya rushe a 2002. Tun daga nan takunkumi ake ƙarawa, har a 2017 aka ƙayyade musu tataccen mai ganga 500,000 a shekara, makaman kuwa sai ƙaruwa suke. Taron Trump da Kim a Hanoi ya watse a 2019. A 2024 Rasha ta hau kujerar naƙi, kwamitin ƙwararrun da ke bin diddigin takunkumin ya mutu.

Ni dai abin da na tsaya a kai a kan tudun nan shi ne a koma teburi, ko da Kim ba zai miƙa bam ko ɗaya a yau ba. A fara da dakatar da gwaji da mayar da masu sa ido, kowane mataki da ladansa a hannu, wanda ya saɓa a janye masa. Takunkumin ya bi kayan haɗa makami da aljihun manya, a bar magani da taki su kai ga mai tura keken can. Manyan ƙasashe kuma su riƙe alkawari ko gwamnati ta canza, domin abin da ya sami yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015, wadda Amurka ta fice daga cikinta a 2018, kowa ya gani.

A hanyar dawowa aka tsaya a wani ƙauyen manoma da ke cikin yankin da sojoji ke tsaro, wanda ya yi suna da waken suya. Alhaji ya ɗibi waken a tafin hannu, ya murza, ya gutsuri ɗaya, ya ce ƙasar nan tana da albarka. Ya sayi ƙaramar leda. A gada sojojin suka sake hawowa suka ƙirga mu, adadin ya yi daidai da na safe, aka ɗaga mana shinge.