Jemagu a silin: a bar musu ƙofar fita kafin a toshe

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, gidan da aka rufa da kwano aka buga masa silin na katako da wuya ya daɗe bai yi baƙi ba. Ƙananan jemagu ne masu cin ƙwari, ba manyan nan da ke rataye a bishiyar mangwaro ba. Ramin da yatsa zai shiga ya ishe su. Alamar farko zarni ne mai hawa kai idan rana ta take, sai baƙin tabo a silin. In ana shakka ko ɓera ne, a murje kashin da tsinke: na jemage yana dagargajewa, ka ga ƙyallin fukafukan ƙwari a ciki, na ɓera kuwa tauri gare shi.

Yawancin mutane a nan suke ɓata aikin. Wani ya turara barkono, wani ya fesa fiya-fiya, wani ya kwaɓa siminti da rana tsaka ya toshe ko'ina alhali suna ciki suna barci. Sakamakon ɗaya ne: su mutu a saman kanka, wari ya hana zaman ɗaki, tsutsa ta riƙa faɗowa kan gado. Hayaƙi kuma kusa da busasshen katako da wayar lantarki neman gobara ne kawai.

Abin da ke aiki ba ya buƙatar magani. Da magariba mutum biyu su tsaya, kowa a kusurwarsa, su ga inda suke fitowa, kwana biyu a jere. Galibi tsakanin kwano da bango ne, ko bakin tulluwar rufi. A toshe duk sauran ramukan da siminti ko ragar waya, a bar babbar ƙofarsu. A kan wannan a rataya ƙyallen tsohon gidan sauro, a buga shi da ƙusa ta sama da gefe biyu, ƙasan a sake, ya sauko kamar santimita 50 ƙasa da ramin. Za su silalo su fita, amma in sun dawo da asuba ba su san su bi ta ƙasa ba. A bar shi kwana 5 zuwa 7, sai an ga magariba ta yi ba ko ɗaya, sannan a toshe.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina, lokacin da ƙwari suka yi yawa, sukan haihu, kuma 'ya'yan ba sa tashi. Ka hana uwa shiga, ka kashe su a silin. Rani ya fi.

Kwashe kashin shi ne mai haɗarin. Tsohon kashin jemage yana iya ɗauke da wani naman gwari da ke kama huhu idan aka shaƙi ƙurarsa, don haka tsintsiya a busasshe haramun ce a wannan aiki. A sa takunkumi na N95 ko FFP2, ba rawani ko ɗankwali ba, da safar hannu. A fara yayyafa ruwa mai ɗan sabulu har ya jiƙe, a kwashe da shebur ƙarami a zuba a buhu mai leda a ɗaure. Sai an kwashe tas, an buɗe tagogi, sannan a goge da javel, wato ruwan bilic, kofi 1 a kofi 9 na ruwa. Kada a tuttula javel a kan tarin kashin da fitsari ya jiƙa, iskar da ke tashi tana ƙona ƙirji. A hau da sassafe, domin a watan Maris da Afrilu ƙarƙashin kwano tanda ne, kuma a taka katakon rufi, ba allon silin ba. Allon da ya sha fitsari ya lotsa ba ya wankuwa, a canza shi.

Bayan sun tafi, wasu ƙwari masu kama da kuɗin cizo da ke shan jininsu kan sauko ɗaki neman abinci. Yanzu ne feshi yake da amfani, a tsagun silin da bango.

Jemagen da aka tsinta a ƙasa da rana kada yara su taɓa shi. A kife masa kwano, a zura kwali ta ƙasa, a fitar. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da ba a ga jini ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar don allurar haukan kare.