Kwana biyu ina zargin kwamfuta, ashe kan wayar da na matse ne

Har yau in na ɗaga kai na ga wayar nan mai ruwan toka da ta bi ta silin daga falo zuwa ɗakin karatun yara, sai raina ya sosu. Asabar guda da rabin Lahadi na ɓatar a kanta, ga kuɗin data, ga kayan da na saya ba gaira ba dalili, alhali gajeriyar wayar da za ta tona asirin matsalar cikin minti biyar tana kwance a saman kabad, cikin kwalin rauta, wato na'urar da ke rarraba mana intanet a gida.

Tsohuwar kwamfutar tebur ce gare mu a gida, nan Unguwar Rogo a Jos. Da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, na duba na ga ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata. 'Yata kuwa tana shirin JAMB, ina so hannunta ya saba da kibod da linzami kafin ranar jarrabawa. Sai na yanke shawarar sa wa kwamfutar Debian 13, wani tsarin Linux da ke maye gurbin Windows, wadda ta fito a watan Agustan shekarar. Na sauke ƙaramin nau'in da ake kira netinst, wanda bai kai giga ɗaya ba, na zuba a filash. Shi wannan ginshiƙin tsarin kawai yake ɗauke da shi, sauran sai ya jawo daga intanet ana cikin aikin. Wato in babu intanet, a tsakiyar hanya zai ajiye ka.

Rautarmu mai SIM ce, kuma bakin tagar falo kaɗai sabis ke kamawa sosai. Kwamfutar ba ta da Wi-Fi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga wajen Terminus na sayo wayar intanet Cat6 mita 30, da kawunan roba da ake sa wa bakinta, da filayar matse su, da ƙaramar testa mai batir.

Da dare na zauna a kan tabarma, sanyin Disamba na Jos ya sa yatsuna sun yi tauri. Na fere rigar wayar, siraran wayoyi takwas suka bayyana, a murɗe bibbiyu. Na warware su, na jera kowace kusa da abokiyar murɗinta: mai ratsin goro da ruwan goro, mai ratsin kore da kore, mai ratsin shuɗi da shuɗi, mai ratsin ƙasa da ruwan ƙasa. Na daidaita bakinsu, na tura cikin kai, na matse har filaya ta yi ƙas. Ɗaya ɓangaren ma haka. A tunanina, muddin jerin nan ya yi daidai da na can, shi ke nan. Na sa a testa, fitilu suka bi layi daga 1 zuwa 8 babu wadda ta yi tsallake. Daga wannan lokacin na cire waya daga jerin abubuwan da zan zarga, kuma ban sake waiwayarta ba sai da wani ya nuna min.

Safiyar Asabar zaɓen harshe, ƙasa da kibod duk suka wuce sumul. Da aka zo neman adireshi daga rauta ta DHCP, wato hanyar da rauta ke ba kwamfuta lambarta kai tsaye, layin ci gaba ya ja jiki a hankali har ƙarshe, sannan saƙo ya fito cewa haɗin bai yiwu ba. Na leƙa bayan kwamfuta, fitilar ramin waya tana ƙiftawa. Na je falo, ta rauta ma a kunne. Na sake gwadawa sau uku, na kashe rauta na kunna, duk ɗaya.

Sai na ce to bari in sa adireshi da hannu. Na ba kwamfutar 192.168.0.50, na nuna mata 192.168.0.1 a matsayin ƙofar fita, ta karɓa ba musu. A nan na yi gaggawar da ta fi min ciwo: na ɗauka an warware, na bari ta share faifan ajiyar kwamfutar gaba ɗaya. Windows ta tafi. Aka zo wurin jawo manhajoji daga madubin Debian, wato rumbun manhajojinta a intanet, sai ta ce ba ta iya kaiwa gare shi. Ga ni da kwamfutar da in ta tashi baƙin allo kawai take nunawa, yarinya kuma tana leƙowa tana tambaya, "Baba, an gama?"

Karɓar adireshin hannu ba shaida ba ce ta komai. Lamba ka rubuta, ita kuma ta ajiye.

Daga nan na koma zargin direba, wato manhajar da ke sa katin intanet na kwamfuta ya yi aiki. Na danna Alt da F4 na ga katin Realtek ne, kuma na tuna shekarun baya mutane sun sha wahala da irinsa, lokacin da faifan Debian na hukuma ba ya zuwa da firmware na kamfanoni, wato 'yar manhajar da ake ɗora wa shi kansa katin. Amma tun Debian 12 a 2023 aka fara haɗawa da shi. Na san da haka, duk da haka na bi tsofaffin shawarwari, don sun dace da abin da na riga na ƙudurta a raina. Na yi zargin filash ɗin ya lalace, na sake sauke faifan da wayar hannuna, data ta yi ƙasa. Kafin magariba na sake hawa keke zuwa cikin gari na sayo ƙaramin abin da ake soka wa a USB ya ba ka ramin waya na daban. Na dawo na soka, na ɗora masa wannan doguwar wayar dai, sakamako bai canja ba.

Ko a nan ya kamata in farga. Kati biyu daban, matsala iri ɗaya, me ya rage a tsakani in ba waya ba? Akwai ma wata alama da ta zo har gabana. Na aika ping ashirin zuwa rauta, wato ƙananan saƙonnin gwaji da ake jiran amsarsu, 'yan kaɗan suka dawo, sauran suka ɓace. Rauta tana cikin gida ɗaya da ni, ba ruwan wannan da ƙarfin sabis ko kamfanin layi. Direban da babu shi ba ya dawo da ko ɗaya. Abin da ke zuwa yana yankewa, hanya ce ba ta da kyau. Amma testa ta ce min lafiya, ni kuma na yarda da ita fiye da idona.

Lahadi bayan azahar ɗan yayata ya zo gaishe mu. Aikinsa ke nan, jan waya a ofisoshi da wuraren jarrabawar kwamfuta. Bai ko zauna gaban allo ba. Ya zare wayar, ya ɗaga kanta wajen hasken taga, ya ƙura wa launukan ido ta cikin robar.

"Kawu, wa ya matse wannan?"

Na ce ni ne, kuma na gwada da testa.

"Testa ba za ta gani ba, Kawu. Ita dai ta ga wuta ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Ba ta san wace waya ke murɗe da wace ba."

Ya ɗauko guntun da na yanke na yar, ya nuna min. Murɗin nan ba ado ba ne. Saƙo yana tafiya ne a kan wayoyi biyu lokaci guda, kuma murɗewar da suka yi da juna ita ke sa hayaniyar da ta shigo daga waje ta taɓa su daidai wa daida, a cire ta a ƙarshe. Ramin kuma ba a jere yake ɗaukar abokan ba. Yana haɗa 1 da 2, 3 da 6, 4 da 5, 7 da 8. Biyun tsakiya gadon wayar tarho ne, inda layi ke zama a tsakiyar rami, shi ya sa 3 da 6 suke tsallake su. A jerin da na yi, ta uku mai ratsin kore ce, ta shida kuma shuɗiya, wayoyin da ba su taɓa murɗewa da juna ba. A waya mai mita ɗaya ko biyu sau da yawa a wuce lafiya. A mita 30, saƙonni sai su riƙa shiga junansu. Fitila za ta kama, amma abin da ya isa can ya riga ya dagule.

Kafin ya taɓa filaya sai ya ce, "Ina wayar da ta zo da rautar?" Muka sauko da kwalin, muka ɗauki kwamfutar zuwa falo, muka haɗa da gajeriyar. Kafin in gyara zama ta karɓi adireshi. Na yi shiru na ɗan lokaci. Da na yi wannan da safiyar Asabar, da ban share Windows cikin duhu ba, da ban koma kasuwa ba.

Ya yanke kawunan biyu, ya sa ni na jera da kaina yana faɗa, bisa tsarin T568B: mai ratsin goro, ruwan goro, mai ratsin kore, shuɗi, mai ratsin shuɗi, kore, mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Ya hana ni warware murɗin fiye da tsawon farce, ya kuma sa na tura rigar wayar har cikin kan don matsewar ta kama ta. Da ya kankare ɗaya daga cikin siraran da wuƙa, sai fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Ya ce alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba jan ƙarfe zalla ba, zai yi aiki a wannan tsawon amma kada in riƙa lanƙwasa shi. Wannan ma ban san ana dubawa ba.

Muka mayar da kwamfutar ɗaki, na fara sa tsarin daga farko. DHCP ya wuce ban ma lura ba, madubi ya amsa, kafin la'asar ta yi sanyi allon shiga ya bayyana.

Wanda duk ya ce min yanzu intanet ɗin waya ta ƙi yayin sa tsari, ba na bari ya ambaci direba sai ya kai na'urar kusa da rauta ya gwada da gajeriyar wayar kamfani. Kuma kada ya yarda a share faifai sai ya ga ping yana dawowa duka. Testar tana nan a aljihun tebur tare da abin USB ɗin. Jerin launukan kuwa na rubuta shi da biro a takarda, na manne a cikin murfin akwatin da filayar take.