Kuɗin da na zubar kafin in iya sayen alƙalamin feshi

Shekara shida ina rubuta allunan shaguna da buroshi a nan Yamai, na masu aski, na masu gasa nama, na ƴan shayi, kafin alƙalamin feshi ya shiga raina, wanda masu faransanci ke kira ayerogaraf. Wani zaki ne ya ja ni, a bayan wata babbar mota da na bi a hanyar Dosso. Gezarsa kamar hayaƙi, babu sawun buroshi ko ɗaya. Na ce sai na koya.

Sai na yi gaggawa. Na ga talla a Facebook, an haɗa komai a kwali ɗaya: alƙalami, tiyo, da ɗan kwamfuresa, wato injin hura iska, da bai fi tafin hannuna ba. Araha ba ta ado, amma a lokacin ban ji ba. Cikin watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Minti goma da kunna shi ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Iskar kuma tana fita tana tsayawa, in na ja layi sai ya fito ɗigo-ɗigo kamar sawun kaza.

Na kai shi wajen wani dattijo mai fentin mota kusa da kasuwar Katako. Ya juya shi a hannu, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, wannan ai na mata masu kwalliyar farce ne, ko masu ƙawata kek. Ina tankinsa?"

"Baba, wane tanki kuma?"

Ya nuna mini nasa, ƙato, wanda yake feshin mota da shi. Inji yana tara iska a tanki, ya kashe kansa ya huta, iskar ta riƙa fita daidai ba tangarɗa. Wanda ba shi da tanki ba ya hutawa, kowane bugun inji kuma sai ka gan shi a layinka. Ya ce in zan sake saye, in fara da iska, alƙalami ya biyo baya.

Haka na yi. Na biyun da na saya mai tankin lita 3 ne, da agogon matsin iska, da ɗan kwalba mai tare ruwa. Wannan kwalbar na raina ta har damina ta zo. A watan Agusta iska tana ɗauke da laima, ruwan ya taru a tiyo, ya tofa maka a tsakiyar fuskar da ka kwana biyu kana yi. Matsin da nake aiki da shi tsakanin bar 1.5 ne da 2 a agogon. Abu ɗaya kuma ga masu aikowa daga waje: wutarmu ta lantarki volt 220 ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka 110 ne, ka duba jikin injin kafin ka cusa shi a soket. Tankin yana da wani ɗan amfani da ba a rubuta a kwali ba. In an ɗauke kuran, wato wuta, iskar da ta rage takan isa ka ƙarasa layin da kake kai.

Shi alƙalamin, ka nemi mai aiki biyu: ka danna maɓalli iska ta fito, ka ja shi baya fenti ya biyo, gwargwadon jan gwargwadon fentin. Yana ba da wuya a makon farko, yatsa sai ya ƙage, amma da shi ake samun layin da ya faro da kauri ya ƙare siriri. Girman baki, wato ɗan ramin da fenti ke fita, shi ne inda sabo ke ruɗuwa. Kowa yana son milimita 0.2 don an ce shi ne mai layi siriri. Ni ma haka, na kuma kwashe kwanaki ina fama da toshewa. Don zane a kan yadi 0.35 ya wadatar, don bango 0.5. Mai ɗan kofi a sama ya fi sauƙin wankewa, amma a bango na fi son mai kwalba a ƙasa, saboda ba ka saukowa daga tsani kullum don ƙarin fenti. Kamfanin Iwata na Japan yana da duka biyun a jerin Eclipse, Paasche na Amurka kuma tun 1904 ake yin sa. Ni nawa ɗan Sin ne marar suna, yana kuma aiki. Abin da na tabbatar kawai, na sayi allurar da ke cikinsa da baki na sauyi tare da shi, don allurar da ta faɗi ƙasa sau ɗaya ta lanƙwashe ke nan.

Fenti akirilik nake sa wa ruwa har ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu, ba kindirmo ba, sannan in tace shi a tsohon mayafin ƙanwata (har yau ba ta sani ba). Fentin gida na bokiti kada ka zuba shi a alƙalami. Da hunturu kuwa fenti yana bushewa a tsinin allura tun bai fita ba, shi ya sa nake ajiye jiƙaƙƙiyar auduga a aljihu, nake kuma fara aiki bayan asuba. Takunkumin hanci dole ne, ranar da na ƙi sawa majinata shuɗiya ta fito.

Bangon farko da na karɓa na wata makarantar yara ne, suna son raƙumin dawa irin na Kure, yankin raƙuman dawa a hanyar Dosso. Na tsaya da ɗan alƙalamina zan cika sama da shuɗi, feshinsa bai wuce faɗin yatsa uku ba. Kafin azahar ban rufe ko kamu biyu ba. Na koma gida na ɗauko rulo, na shafe sama da ƙasa da jikin dabbar cikin awa ɗaya. Washegari na dawo da alƙalamin don inuwar wuya, gefen tabo-tabon jiki, da ƙyallin ido. Mai gadin makarantar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙafar baya ta yi gajarta. Na ja da baya na duba, na sake hawa tsani.