Faransancin da na koya a shagon tela

Shekara biyu na yi ina koyon Faransanci ni kaɗai, da waya da littafi, kafin in gane cewa idona ne ya koya, bakina da kunnena suna nan inda na bar su. A bakin aiki na gane. Ina teburin karɓar baƙi a wani otal a nan Abuja, kuma wanda ya san garin ya san irin baƙin da muke samu. Hedikwatar ECOWAS tana nan garin, harsunan aikinta uku ne, Turanci da Faransanci da harshen Fotugal, don haka da wuya mako ya wuce wani bai sauka daga Abijan ko Dakar ko Kwatano ba.

Wani dattijo ya tsaya gabana da akwatinsa. Na gaishe shi da Faransanci, ya saki fuska, ya ɗauka ya samu ɗan gida. Sai na nemi lambar wayarsa. Ya jero ta bibbiyu kamar yadda suke yi, ga biro a hannuna, na kasa rubuta ko ɗaya. Na san saba'in a wajensu sittin da goma ce, tamanin ashirin sau huɗu, casa'in da bakwai kuwa sai an ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Duk na sha cinye wannan a Duolingo, manhajar koyon harshe ta waya. Amma kafin kaina ya warware lamba ta farko, ya riga ya kai ta huɗu. Ƙarshenta takarda na miƙa masa ya rubuta da hannunsa. Bai ce komai ba, ni dai abin ya kwana yana cin raina.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, zauren WhatsApp na masu koyo. Mun haura mutum sittin. Da safe kowa zai turo gaisuwa, daga nan sai shiru, sai tallan atamfa da saƙon taya murna. Ban ga laifin kowa ba. Taron da ba wanda zai lura ka zo ko ba ka zo ba, ba ya ɗaure mutum da komai.

Sai na koma wajen wani abokina ɗan Maraɗi da ke harkar canji a Zone 4. Da Faransanci ya yi karatunsa tun daga aji ɗaya, ga haƙuri, ga son taimako. Mun sa lokaci, mun zauna sau biyar ko shida. Kowane zama iri ɗaya ne: jimla biyu da Faransanci, in na cije sai ya tausaya mini ya faɗi kalmar da Hausa, ni ma in amsa da Hausa, kafin ka ce kwabo mun shiga labarin farashin sefa da yadda ake ƙirga kuɗi da dala a Nijar. Na ƙaru da shi sosai, a wajensa na san cewa dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma dubu. Faransancin ne dai bai motsa ba. Matuƙar akwai harshen da ya fi mana sauƙi mu biyun, can za mu gangara, komai kyawun niyyarmu.

Wanda ya buɗe mini baki ban neme shi don karatu ba. Shadda na kai ɗinkin Sallah a wani ƙaramin shago a unguwarmu a Kubwa, na tarar da tela ɗan Senegal, bai daɗe da zuwa ba. Ba Hausa, ba Turanci, sai Wolof da Faransanci. Yaron shagon da ke yi masa tafinta ya fita. Ina son hannun rigar ya ɗan fi tsawo, wuyan kuma kada a cika masa aiki. Ba hanyar gudu. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su, na nuna da yatsa, na yi kuskure, ya gyara, na sake. Ya ɗaga hannun rigar ya ce "la manche", ya taɓa wuya ya ce "le col". Kalmomin nan biyu na taɓa ganinsu a littafi sun wuce ni, amma daga ranar ba su sake ɓace mini ba. Da na tambaye shi garinsu ya ce Kaulaha, na ce garin Shehu Ibrahim Inyass, sai ya ajiye almakashi ya miƙo mini hannu biyu. Mun fi rabin sa'a muna magana. Rabin abin da ya faɗa ban ji ba, amma na fito gumi ya jiƙa mini riga, zuciyata fes.

Bayan Sallah na koma na ce masa, "Maigida, ina da roƙo." Ashe shi ma yana da nasa. Ana ƙwarar sa a kasuwar Wuse idan ya je sayen zare da maɓalli, masu keke suna ninka masa kuɗi, kwastomomi mata suna ciniki shi yana kallo. Muka yi yarjejeniya: Talata da Alhamis, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, rabin lokaci nasa, rabi nawa. Wannan shi ya riƙe zaman. Da alfarma yake yi mini, da tuni nauyi ya hana ni komawa. Amma in ban je ba shi ma ya yi asarar darasinsa, kuma yakan kira ya ce, da Hausarsa sabuwa, "Ƙanena, yau lafiya?"

Yakan dafa shayinsu a ɗan ƙaramin buta, zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, irin wanda muke kira shayin Buzaye. A kan wannan shayin ya kama ni da abin da waya ba ta taɓa kama ni da shi ba. Na so in ce masa ina jin yunwa, "faim", sai ya ji "pain", wato burodi. Mu Hausawa sautin "f" da "p" wuri ɗaya muke fitar da su, ba ma ko jin bambancin. Ya sa na dubi bakinsa: a ɗaya haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa, a ɗayan leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe. Mako uku yana tsayar da ni a kan wannan. Ni kuma na rama a kan "ƙ" da "ɗ", don sai da ya wahala kafin ya raba kafa da ƙafa.

A nan ne kuma na gane Hausa tana taimakona fiye da Turancin da nake bi ta kansa. Masu koyon da ba su jin Hausa suna kuka da cewa kowane suna a Faransanci namiji ne ko mace. Mu da wannan muka tashi, riga ce, wando ne. Sai dai a kula, ba kullum suke dacewa ba: rana mace ce a wajenmu, a wajensu namiji, wata namiji ne a Hausa, a Faransanci mace, haka ma gida. Batun "tu" da "vous" ma bai zame mini baƙo ba, tunda mu ma mukan ce wa babba "ku".

Akwai inda shagon ya tsaya. Faransancin maigidan na kasuwa ne da zaman duniya, in na tambaye shi dalilin wata ƙa'ida sai ya ce haka ake faɗa. Don haka na shiga ajin yamma, a can kuma na zaɓo mutum uku: wata ma'aikaciyar jinya da ke shirin jarrabawar tafiya Kanada, wani malamin firamare, da wani matashi mai hidimar ƙasa da ya karanta Faransanci a jami'a. Shi ya ba mu labarin ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, inda ɗalibai ke zuwa su zauna cikin harshen dare da rana, kamar yadda aka yi wa masu Larabci nasu a Ngala. Mu masu aiki da iyali ba za mu iya barin gari ba, sai muka ce bari mu yi namu ƙauyen na sa'a biyu, ranar Asabar da hantsi, a gindin bishiya a Millennium Park.

Tsarin zaman daga musaffa na ɗauko shi, yadda muke yi muna yara: ɗaya na karantawa, saura na saurare, in ya yi tuntuɓe a ɗaga shi, ba wanda ke jin an ci masa fuska. Kowa zai saurari labaran RFI na sauƙaƙƙen Faransanci, minti goma ne, ya zo ya ba da labari ɗaya da bakinsa ba tare da duba takarda ba. Abu ɗaya muka sauya. Mun lura in ana katse mutum a kowace jimla, kunya na rufe masa baki, musamman 'yar'uwarmu, wadda a makonnin farko da ƙyar ake jin muryarta. Sai muka koma rubuta gyara, a faɗa bayan ya gama, kuma kada ya wuce uku. Cikin wata biyu ita ce ta fi kowa jayayya.

Da na shiga DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, matakin B1, ɓangarori huɗu ne, sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana son 50 cikin 100, kuma wanda ya gaza samun 5 a ɓangare ɗaya ya faɗi, ko da ya cinye sauran. A magana na fi samun maki, ɓangaren da a da nake tsoro ya fi komai. Rubutu ne ya ja ni baya, shi muka sa a gaba yanzu kafin mataki na gaba, B2.

Alhamis da ta wuce ina zaune a shagon, wata Hajiya ta kawo leshi, ta taya ɗinkin da kuɗin da bai kai ba. Yaron shagon ya buɗe baki zai fassara, maigidan ya ɗaga masa hannu. Ya juya leshin, ya duba bakinsa, ya ce, "Albarka, Hajiya. A ƙara dai, aikin da yawa." Ta ƙara dubu biyu, ya sallama. Da ta tashi ba shi lambar wayarta, da Hausa ta faɗa, shi ya rubuta da kansa a bayan littafin awo.