Saƙa da warwara

Asabar. Ruwa ya tsuge tun asuba, bai ɗauke ba sai wajen sha ɗaya, don haka ko ƙofar gida ban leƙa ba. Na yi wanki na shanya a ɗaki, na koma kan littafin da zan yi bayani a kansa a aji ranar Litinin, Ulysses na James Joyce, wanda aka fara bugawa a Faris a 1922. Wata biyu ke nan ina fama da shi. Yau na kai babi na 18, na ƙarshe, inda Molly Bloom take kwance cikin dare tana zance da zuciyarta, shafi bayan shafi, ba waƙafi, aya ma da ƙyar.

Abin da kowa zai faɗa a aji na riga na san shi. Joyce ya gina littafinsa a kan tsohon labarin Girka na Odysseus, sarkin Ithaca, wanda ya shekara 20 ba ya gida, goma a yaƙin Troy, goma a hanyar dawowa. Matarsa Penelope ta zauna jiransa, manema fiye da ɗari sun cika mata gida suna cinye dukiyar mijin. Ita kuwa Molly, a rana ɗaya tak da littafin ya ƙunsa, 16 ga Yuni 1904 a birnin Dabilin, mijinta Leopold ya fita da safe, kafin ya dawo ta shigo da wani, Boylan, mai shirya mata taron waƙa. To, waccan mai haƙuri, wannan maciya amana, an gama. Ni ma haka na rubuta a takardata shekaranjiya.

Abin da Molly ta yi ba daidai ba ne, kuma ba zan wanke ta ba. Amma bayan azahar na iso wani wuri da ya sa na ajiye biro.

Dabarar Penelope ita ce saƙa. Ta ce wa manema ba za ta zaɓi kowa ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta Laertes. Da rana ta saƙa, da dare ta kunna fitila ta warware. Shekara uku tana haka kafin wata baiwa ta tona mata asiri. Ashe Molly ma ta taɓa saƙa. Ta haifi ɗa namiji, Rudy, ya kwana 11 ya rasu. A tsakiyar surutunta na kayan sawa da maza da ƙuruciyarta a Gibraltar, kwatsam sai ta tuna 'yar rigar ulun da ta saƙa masa tana kuka, wadda aka binne shi da ita. Ta ce da ma ta ba wa ɗan wani talaka, amma ta san ba za ta sake samun wani ba. Nan take ta kau da zancen, wai kada ta jefa kanta cikin baƙin ciki. Layi uku ko huɗu ne kawai. Na karanta su ya fi sau biyar.

Penelope tana warware tata saƙar don tana da wanda take sa ran dawowarsa. Molly ta gama tata, ƙasa ta rufe ta. Tun daga rasuwar yaron, shekara goma da ɗoriya, ita da mijinta ba su koma yadda mata da miji suke ba. Gado ɗaya suke kwana, kansa wajen ƙafafunta. Mijin Penelope teku ce ta raba su. Na Molly kullum yana gida, shi ke kai mata shayi har gado da safe, amma ita ma jira take yi. Kuma da tunaninta ya gama yawo, ba kan Boylan ya tsaya ba. Kan Leopold ya koma, ranar da ya nemi aurenta a tudun Howth ta ce masa eh. Da wannan kalmar littafin ya ƙare.

Mu da muke ce wa mai dogon tunani yana saƙa da warwara, ai babin nan kaf abin da ake yi ke nan. Da shi zan buɗe bayanina.

Da la'asar Gwaggo ta fito tsakar gida da kwarashinta, tana saƙa hular jaririn maƙwabta. Ta ga idona ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Littafi ne ya sa ki haka?" Na ba ta labarin matan biyu a taƙaice. Na Penelope ya burge ta, ta ce mace ce mai wayo. Da na zo kan Boylan ta yi tsaki ta ce Allah ya shirya. Da na faɗi zancen rigar sai hannunta ya tsaya.

"A riga suka binne shi?"

"Eh, Gwaggo, su haka suke yi."

"Kwana nawa ya yi?"

"Sha ɗaya."

"Ashe har an ci suna," in ji ta.

Gwaggo ta binne biyu kafin a haife ni, ban taɓa jin ta ambaci sunansu ba. Ta daɗe tana kallon hular da ke cinyarta, sannan ta miƙo mini zaren ta ce in riƙe mata, ya harɗe. Muna nan muna warware shi har aka kira magariba.