Idon dama ne ya ji ciwo, amma hagu ke ganin karkata

Wata biyu bayan na faɗi daga kan babur a hanyar kasuwa, raunin goshina ya warke sarai, amma aiki ya gagara. Ni tela ne, shekara 19 ina kan keke. Da na sunkuya zan bi layin alli a jikin shadda, sai layin ya rabu biyu, ɗaya a ƙasan ɗaya, guda kuma ya kwanta gefe kamar an murɗa shi. Haka na ɓata wuyan rigar wani bawan Allah. Saukowa daga bene kuwa sai da dafa bango.

Mai ɗakina ce ta fara lura. "Malam, lafiya kake karkata kai hagu kullum?" Wallahi ban san ina yi ba.

Likitar ido ta ce tsoka shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke kira jijiya ta huɗu, ita ce mafi siriri, ta baya take fitowa ta yi dogon zagaye, shi ya sa buguwar kai ke saurin taɓa ta. Tsoka ɗaya tal take yi wa aiki, mai saukar da ido ƙasa tana kuma murɗa shi ta wajen hanci. Tawa ta dama ce ta yi rauni. Da ta kwantar da kaina a kafaɗar dama, idon ya haura sama, layukan suka ƙara nisa da juna.

Abin da ya ɗaure mini kai sai da aka kashe fitila. Ta sa mini jan gilashi a dama, fari a hagu, ɗigon haske ya koma layi biyu, ta ce in juya su har su miƙe. Jan yana nan a miƙe. Farin ne ya karkace, digiri 7.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai hagun lafiyarsa lau."

Ta sa na haɗa tafukana na bar ƙaramar kafa, na hangi agogon bango ta ciki, na rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe dama, agogon ya ɓace. Ashe damar ce ke jan ragama, da ita nake saka zare a allura duk shekarun nan. Ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ta saba dogara da shi a matsayin daidai, karkatar ta bayyana a idon da bai ji ciwo ba. Ta ce ana ganin haka ga wasu masu irin ciwona.

Tabarau na musamman zai iya haɗa sama da ƙasa, amma ba ya warware murɗiya. Akwai tiyatar da wasu likitocin Japan biyu, Harada da Ito, suka bayyana a 1964, sai dai ta ce mu jira aƙalla wata shida, jijiyar kan farfaɗo da kanta.

Yanzu wata huɗu ke nan. Na manna takarda a gilashin hagu na tabarauna, na koma ɗinkin wando da kalmasa. Aikin wuya har yanzu yarona nake miƙa wa.