Gyaran bangon da ya shekara ɗari takwas

Mu huɗu ne a kamfanin, ni da birkiloli biyu da yaro mai koyo, kuma kusan duk abincinmu daga tsofaffin coci-cocin ƙauyukan Norfolk yake fitowa, a gabashin Ingila. Gundumar kaɗai tana da sama da coci 650 da aka gina tun kafin shekarar 1500. Jama'ar da ke shiga cikinsu ta ragu, gine-ginen kuwa suna nan, ruwan sama yana ta aikinsa a kansu.

Duk sabon yaro, kafin in ba shi cokalin gini, sai na kai shi cocin St Margaret da ke Hales, kusa da garin Loddon. Ginin ƙarni na 12 ne, zamanin sarakunan Norman da suka zo daga Faransa, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Hasumiyarsa zagayayyiya ce, ƙuryarsa ta gabas ma lanƙwasasshiya, rufin kuma jinka ce. Ƙofar arewa an sassaƙa mata baka a kan baka, kowanne da irin adonsa, kuma akwai 'yar'uwarta a cocin Heckingham nan kusa, har masana na ganin hannu ɗaya ne ya yi su. Yanzu ba a ibadar mako-mako a ciki, ƙungiyar Churches Conservation Trust, mai adana tsofaffin coci-coci, ce ke kula da shi.

Abin da nake so yaron ya gani shi ne bangon. Yawancin ƙasar Norfolk ba ta da dutsen da ake yankawa da kusurwa, sai dutsen ƙanƙara, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, dunƙule-dunƙule. Dutsen sassaƙa sai an yi jigilarsa daga nesa da tsada. Na babban cocin Norwich, babban birnin Norfolk, daga Caen ta Faransa aka kawo shi. Shi ya sa da yawa ke cewa ƙauyawa sun gina hasumiya zagayayyiya ne don su huta da neman dutsen kusurwa, ko da yake masana na jayayya a kai. Irin waɗannan hasumiyoyi kimanin 185 suka rage a Ingila, 124 a Norfolk.

Dutsen ƙanƙara ba ya shan ruwa. Duk danshin da ya shiga bango ta kwaɓin da ke tsakanin duwatsu yake fita, kuma kwaɓin nan farar ƙasa ce da yashi. Nan sana'ar tamu take. A ƙarni na 20 an cike gaɓoɓin bangaye da dama da siminti, da kyakkyawar niyya. Siminti ya fi bangon tauri, yana tsagewa siriri, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, sanyin hunturu ya daskarar da shi, sai fuskar bango ta kumbura ta zubo. Wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa a Kano ko Zariya da aka yi wa yaɓen siminti, ya rufta ta ciki yana kyau ta waje, ya san zancen.

Rabin aikinmu ƙwaƙule wannan siminti ne da guduma da kurfi, a hankali, ba da inji ba. Sannan mu duba tsohon kwaɓin, mu nemi yashi mai launi da kaurin tsakuwa irin nasa. Farar ƙasa ba ta son gaggawa: iska take sha ta yi ƙarfi sannu a hankali, sai a lulluɓe ta da buhun algarara mai laima, kada rana ko iska su busar da ita da wuri. Idan sanyi ya kusa sauka ƙasa da digiri 5, mun tattara kaya. Daga Nuwamba zuwa Maris sai aikin ciki da gyaran indararo, wanda a ganina ya fi kowane aiki ceton gini, duk da ba wanda ke ɗaukar hotonsa.

Takarda ma aiki ce. Kowane cocin Church of England, babbar ɗarikar Kiristan Ingila, sai masanin gini ya duba shi duk shekara 5, daga rahotonsa ayyukanmu ke fitowa, kuma ba a taɓa dutse sai da izinin hukumar cocin yankin. Ga jemagu, waɗanda doka ta kare tun 1981. In suna renon 'ya'ya a rufi, mu ne za mu jira.

Kuɗi kuwa ba ya kwana a wannan harka. Kwamitin coci sau da yawa dattawa ne 'yan ƙalilan da ke tara asusu da sayar da shayi da kek, suna neman tallafi. Na kan raba musu aiki kashi-kashi: bana rufi da magudanar ruwa, baɗi bangon kudu, hasumiya kuma sai kuɗi ya samu, muddin ba ta fara zubar da dutse a kan hanyar shiga ba.